Tauraro mai auna zafi

Kowane abu yana fid da zafi: ƙasa, ruwa, itatuwa, har da gizagizai. Idon mutum ba ya ganin wannan zafi, amma akwai na'urar da ke ganinsa dare da rana. Irinta aka ɗora wa tauraron ɗan Adam mai suna Meteosat, wanda Turawa suka fara harbawa a 1977. Yana can sama wajen kilomita 36.000, yana bin juyawar duniya, shi ya sa kullum Afirka yake fuskanta.

In hadari ya taso bisa Maraɗi, tauraron ba ya ganin ruwan da ke zuba. Kan hadarin yake gani. Hadari mai ruwa dogo ne ƙwarai, kuma iyakar tsawonsa iyakar sanyin kansa. Wani yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Sai masana su ƙidaya awa nawa hadari mai sanyi ya yi bisa Tibiri, awa nawa bisa Jiratawa. Da haka suke ƙiyasta ruwan da aka samu cikin kwana goma. A Yamai, cibiyar AGRHYMET tana irin wannan aiki. An kafa ta a 1974, sanadin babban fari.

Amma ƙiyasi ba awo ba ne. Wani hadari sai ya yi baƙi, ya yi rugugi, ya wuce da iska kawai. Don haka ana gwada lissafin tauraro da ma'aunin ruwa da ke kafe ƙasa.

Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake fitowa. In an ga hadari ya daɗe can, an san ruwa na tafe. A 1945 gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, mutane suka ƙaura bisa tudu.

Da rani ma akwai aiki. Wani tauraro, Landsat, yana ganin gonakin rani na Jiratawa sun fi tudun kewaye sanyi, don shuka mai ruwa tana gumi kamar randa. Gonar da ta soma zafi ƙishirwa take ji. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa na'urar ba ta hango shi, sai an zura awo cikin rijiya.

Tambayoyi
1. Mene ne tauraro yake gani in hadari ya taso?
2. Don me gona mai ruwa ta fi sanyi?