Kafin Ka Rubuta Tsarin Lafiyar Makaranta, Tambayi Yaran

Da yawa daga cikinmu masu karatun lafiyar muhalli za mu kammala difloma bana, kuma wata rana za a ce wa ɗayanmu ya tsara wa wata makaranta shirin kula da lafiyar ɗalibai. Ni an riga an ce mini haka, lokacin da nake SIWES a wani ƙaramin asibiti a ƙaramar hukumar Ngaski, a bakin tafkin Kainji. Shugaban asibitin ya tura ni firamaren garin, ni kuma na tafi da zumuɗi.

Abin da na fara yi shi ne ɗauko Manufar Lafiyar Makarantu ta Ƙasa, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 2006. Takarda ce mai kyau, ku nema ku karanta. Ta yi magana a kan tsaftar muhallin makaranta, ciyar da ɗalibai, koyar da kiwon lafiya, duba marasa lafiya, da alaƙar makaranta da iyaye. Na kwashe duka na zuba a nawa tsarin, har da ɗakin jinya da na'urar auna gani. Hedimasta ya karanta a tsanake, ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, ya yi kyau. To wa zai sayi sabulu?" Na yi shiru. Sai ya ƙara da cewa, "Ka tambayi yaran nan launin fitsarinsu kuwa?"

Wallahi ban tambaya ba. Ga shi kuwa tsargiya ita ce babbar matsalar yaran bakin ruwa, tun daga Shanga, ka biyo Yauri, har Wara. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 kogin Neja ya zama tafki a wannan yanki, kuma ruwa mai kwanciya da ciyayi a gefensa shi ne gidan ƙananan katantanwar da ke rainon ƙwayar cutar. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga katantanwa ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga wanka ko wanki ko kamun kifi. Kun ga ba sai an sha ruwan ba. Daga baya sai jini a ƙarshen fitsari, da ƙarancin jini, da kasala a aji. Har yanzu akwai masu ɗaukar jinin nan alamar balagar ɗa namiji, alhali in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda.

Yadda za ka yi tambayar ma darasi ne. Ranar farko na tsaya gaban aji na ce duk mai fitsarin jini ya ɗaga hannu. Maza suka yi ta dariya suna nuna juna, mata kuwa ko motsi. Wata malama ce ta gyara mini: aka raba maza da mata, aka ajiye ƙwarya biyu a bayan allo, kowa ya je shi kaɗai ya jefa tsakuwa a ta "eh" ko ta "a'a". Ita ta tsaya wa 'yan matan. Da muka ƙirga, ni kaina na ji kunyar ɗakin jinyar da na zana.

Daga nan sai neman mutane. Kada ka kafa sabon kwamiti. Akwai kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, ka zauna da su. Ka je ka gaida mai unguwa da liman, kuma a garin masunta kada ka tsallake Sarkin Ruwa, domin maganarsa ce ake ji a bakin kogi. Sannan ka nemi jami'in cututtukan da aka yi sakaci da su a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ta hannunsu ake rabon maganin praziquantel kyauta a makarantu, ana auna tsayin yaro da sanda mai alama a san ƙwaya nawa zai sha. Kada ka kuskura ka sayo a kyamis ka raba da kanka. Aikinka shi ne shiri: iyaye su sani tun da wuri, kowane yaro ya karya kumallo, ko da koko da ƙosai ne, domin maganin yakan sa jiri da murɗar ciki, musamman in babu komai a cikin. In yaro ɗaya ya yi amai ba a gargaɗi iyaye ba, gobe rabin aji ba za su zo ba. A kuma gayyato almajirai da 'ya'yan masunta da ba sa zuwa boko, tunda ruwa ɗaya suke shiga.

Magani yana kashe tsutsa, amma ba ya hana sake kamuwa. Cewa ɗan masunci kada ya shiga ruwa ɓata baki ne. Abin da zai yiwu shi ne masai mai aiki a makaranta, da koya wa yara kada su yi fitsari a kogi, da ajiye ruwan wanka ya kwana biyu ko a ɗumama shi sosai kafin amfani. Na kuma sa rigar kariya ga masu ƙetarowa a kwalekwale, don babu wanda ya manta da hatsarin jirgin ruwan Wara na watan Mayun 2021.

Tsarina na biyu shafi ɗaya ne, layi huɗu: me za a yi, wa zai yi, yaushe, kuɗin daga ina. Sabulu dai iyaye mata suka ɗauki nauyinsa, ranar kasuwa. Masan 'yan mata kuma na baro shi ba ƙofa. Kafinta ya yi alkawari, kuma in mun gama jarrabawa zan koma in gani.