Daga Dish Zuwa Waya: Nazarin Kalmomin Kallo a Bakin Mutanen Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin Maiduguri zai ga dish a kan rufin gidaje da dama, amma ba kowanne ke aiki ba. Wasu magidanta sun daina biyan kuɗin wata sun koma kallo a waya domin su rage kashe kuɗi. Wannan maƙala za ta duba kalmomin da wannan sauyi ya kawo cikin Hausa, da kuma wuraren da mu da Hausa ba harshenmu na farko ba ne muke tuntuɓe a kansu.

2.0 Dalilin Sauyin

Dalili na farko shi ne wuta. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka lalata turakun layin lantarkin da ya taso daga Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu. Kuɗin wata kuwa tafiya yake yi ko an kunna talabijin ko ba a kunna ba. Na biyu, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa tayar da janareta ya gagari talaka. Na uku, kamfanin MultiChoice mai DStv da GOtv ya ƙara farashi sau biyu a 2023, ya sake ƙarawa a 2024 da 2025.

Waya kuwa ana iya cajinta a shago ko da sola. Sai dai ita ma tana da nata kuɗin: a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka mai son rangwame yakan je wurin masu tura finafinai a zuba masa a memori, maimakon ya kalla kai tsaye a YouTube.

3.0 Kalmomin Aro da Jinsinsu

Kowane suna tilo a Hausa yana da jinsi, namiji ko mace. Galibin sunayen da suka ƙare da wasalin "a" mata ne, sauran kuma maza. Kalmar aro ma tana bin wannan ƙa'ida:

(a) Mata: data, dikoda, sola. Misali: "Data ta ƙare." "Dikodarmu ta lalace."

(b) Maza: dish, kati, caji, rimot, sabis. Misali: "Kati ya ƙare." "Sabis ya ɗauke."

A nan ne matsalarmu take. Harshen Kanuri, wanda da shi na tashi a gida, ba ya rarrabe jinsi a nahawunsa. Shi ya sa za ka ji ɗan Maiduguri yana cewa "datana ya ƙare", alhali a daidaitacciyar Hausa "datata ta ƙare" ake cewa. A kasuwa kowa zai fahimce ka, amma a takardar jarrabawa malami zai ja maka jan biro. Haka kuma babu ɓ, ɗ da ƙ a Kanuri, don haka sai mu lura kada "ƙare" ta zama "kare" a bakinmu ko a rubutunmu.

4.0 Faɗaɗa Ma'ana

Ba kullum Hausa ke aro ba. Wani lokaci takan ɗauki tsohuwar kalma ta ɗora mata sabon aiki.

Zango asalinsa wurin da ayarin fatake ke yada kaya su huta. Yanzu ana cewa "shiri mai dogon zango" ga wasanni irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da Labarina na Aminu Saira, da Izzar So na Lawan Ahmad da ya yi fice a YouTube tun 2020. Kowane babban ɓangare na shirin zango ne, abin da ake saki duk mako kuma kashi.

Tasha an aro ta ne daga Ingilishi don wurin tsayawar jirgin ƙasa da mota. Daga baya ta zama tashar rediyo da talabijin, yau kuma har ɗalibi yana iya cewa ya buɗe tasharsa a YouTube.

Manhaja daga Larabci take, ma'anarta tsarin karatun makaranta. Yanzu ita ce sunan abin da ake sakawa a waya, kamar Netflix.

5.0 Giredin Aikatau

A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai. Maganar masu kallo a waya tana ba mu misalai masu sauƙin riƙewa:

(a) Fim ya sauka. (giredi na 3: aikin bai faɗa kan komai ba)

(b) Na sauke fim. (giredi na 4)

(c) Na tura masa fim. (giredi na 1)

(d) Turo mini fim. (giredi na 6: aikin ya nufo wajen mai magana)

(e) Ya ƙarar da datarsa. (giredi na 5)

Kuskuren da muka fi yi shi ne cewa "tura mini" a inda "turo mini" ta fi dacewa. Wasalin "o" na ƙarshe shi ke nuna cewa abin wajenka zai zo.

6.0 Abin da Aka Rasa

Yawancin Hausar da na zo da ita jami'a a gaban talabijin ɗin falonmu na koye ta. Idan ana Daɗin Kowa, duk gidan kan zauna. Abin da ya shige mini duhu in tambayi yayata, ita kuma ta fassara wa kakarmu da Kanuri. Tun da muka daina biyan kuɗin dish a 2024 kowa ya koma ɗaki da wayarsa. Kuɗi ya ragu, amma ƙannena ba su da wanda za su tambaya. A ɗaya ɓangaren, waya tana ba ɗalibi damar tsayar da magana ya maimaita ta sau goma har ya ji tsawon wasali da karin sauti, abin da talabijin ba ya yi.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa barin dish ya zo da kalmomin aro da kuma tsofaffin kalmomi masu sabuwar ma'ana, kuma duka suna bin ƙa'idojin Hausa na jinsi da giredi. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai: ka zaɓi kashi ɗaya na shirin da kake so, ka rubuta jimloli ashirin kamar yadda aka furta su, ka ja layi ƙarƙashin kowane "ya" da "ta", sannan ka gwada su da yadda kai kake faɗa. Idan da hali, ka kira ƙannenka ku yi tare.