Ciwon gaɓoɓin yaro ba sanyin tsufa ba ne

A ƙasar Magarya da ta Dungas duk ciwon da ya kama gaɓa, sanyi muke ce masa. Tsoho ya yi shekara 40 yana duƙe bisa hauya, gwiwarsa ta gaji. Wannan mun san shi. To amma yaro ɗan shekara 10, wane noma ya yi har gaɓoɓinsa suka gaji?

Akwai wata cuta mai kama yara daga shekara 5 zuwa 15. Daga maƙogwaro take farawa. Yaro ya yi zazzaɓi, haɗiya ta yi masa wuya. Wata ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma tana saurin yaɗuwa inda yara suke kwana a cunkushe cikin ɗaki guda. Sau da yawa sai mu kira wanzami ya cire beli. Cire beli ba ya kashe ƙwayar.

Bayan sati 2 ko 3, an manta da maƙogwaro, sai gwiwa ta kumbura, ta yi zafi. Kwana kaɗan ta saɓe, ciwon ya koma idon sawu, ko wuyan hannu. Wannan yawo daga gaɓa zuwa gaɓa shi ne babbar alama. Mu riƙe ta.

Gaɓoɓin za su warke. Zuciya ce abin tsoro. Cikin zuciya akwai ƴan ƙofofi masu buɗewa da rufewa don jini ya wuce. Duk lokacin da cutar ta dawo, sai ta ƙara lalata su. Shekaru su wuce, saurayi ya kasa gama kunya ɗaya sai ya tsaya yana haki. Yarinya kuwa, wahalar takan fito fili in ta yi aure ta samu ciki. Ƙwayoyin da masu talla suke sayarwa a kasuwa suna iya kwantar da zafin gwiwa, amma ba sa tsare zuciya.

A shekarar 2018 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka ɗauki alkawarin yaƙi da wannan cuta. A 2024 hukumar ta fitar da jagora ga ma'aikatan lafiya. Likitocin gaɓoɓi kaɗan ne a Nijar, amma maganin ba sai wurinsu ba: penisilin ne, tsohon magani mai araha.

Yaro mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, mu kai shi gidan likita mafi kusa, ko a Bande muke ko a Dogo-Dogo. In an ba shi ƙwayoyi na kwana 10, ya shanye su duka, ko da ya ji sauƙi tun kwana na uku. In gaɓoɓi sun riga sun kumbura, za a saurari zuciyarsa, wataƙila a tura shi Magarya ko babban asibitin Damagaram. Sannan a sa shi bisa allura, guda ɗaya kowane sati 3 ko 4, har shekaru masu yawa. Mu da muka koyi rubutu, mu rubuta ranar allura cikin littafinmu, kada aikin damina ya mantar da mu.