Kafin ka sayi na'urar sauti ta gwanjo, juya bayanta

Sana'ata gyaran kayan sauti ce da haɗa su a falon mutane, kuma yawancin na'urorin da ake kawo mini a ƙone 'yan gwanjo ne da ba su yi wata guda a hannun mai su ba. Gwanjo ba shi da laifi. Tsohuwar Denon ko Marantz ko Yamaha ta manyan aji, wadda ta shekara goma sha biyar, takan fi sabuwa mai araha ƙarfi da tsabtar sauti nesa ba kusa ba. Abin da ke jawo asara shi ne mai saye yana kallon fuskar na'ura, alhali duk labarinta a baya yake.

Akwai kaya iri biyu da 'yan kasuwa ke kira da suna ɗaya. Furosesa aikinsa ya karɓi sautin fim, ya warware shi, ya raba wa kowace sifika rabonta: biyu a gaba, ɗaya a tsakiya mai ɗauke da maganar 'yan wasa, biyu a gefe, sai wufa mai gurnani. Wannan shi ne 5.1 da kuke gani a rubuce. Amma furosesa ba ya iya tura sifika da kansa, sai an saya masa amfilifaya daban, kuma kuɗinta kan kai nasa ko ya fi. Risiba kuwa ta haɗa biyun a akwati guda. Idan ka juya baya ba ka ga jerin maɗauran waya ja da baƙi na sifika ba, furosesa ne a hannunka. Ga falo irin namu, risiba ta wadatar. Mai niyyar ƙara amfilifaya nan gaba ya nemi wadda ke da ramukan Pre Out.

Yanzu ga inda na fi jin takaici. Kusa da igiyar wuta akwai ɗan rubutu da ke faɗin irin wutar da na'urar ke ci. Wutarmu a Nijeriya da Nijar tsakanin 220 da 230 take, kamar ta Turai. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Kwantena kuwa ba ta tantancewa, kayan Amurka da na Ingila tare suke sauka a kasuwar Alaba ta Legas kafin su hauro Arewa. Cajar waya da ta laftof suna karɓar kowace wuta, shi ya sa mutane suka ɗauka komai haka yake. Risiba ba haka take ba. Galibinsu babban taransifoma ne a ciki, na wuta iri ɗaya tak. Ka jona ta 120 a soket ɗinmu, in Allah ya taimake ka fiyus ne zai tafi, in ba haka ba taransifoman ne, kuma samun irinsa sai an yanka wata na'urar. Wani mai kaya ma yakan yanke filogin Amurka ya sa irin namu mai baki uku, ba tare da ya ce komai ba. Kada filogi ya rufe maka ido, rubutun za ka karanta. In ta Amurka ce kuma ranka ya biya, sa kuɗin taransifoma mai rage wuta a lissafi, wanda ƙarfinsa ya ninka abin da na'urar ke ci.

Sai batun HDMI, domin ta nan na'ura ke tsufa tun sautinta bai tsufa ba. Dolby Digital tun 1992 yake, DTS tun 1993, kuma har gobe suna aiki. HDMI ce ke sauya riga: ta 1.3 a 2006 ta kawo Dolby TrueHD, ta 1.4 a 2009 ta kawo ARC mai dawo da sauti daga talabijin, ta 2.0 a 2013 ta inganta ɗaukar hoton 4K. Tsohuwar risiba ba za ta wuce da hoton 4K ba, amma wannan bai isa ka guje ta ba. Jona dikoda ko akwatin fim kai tsaye a talabijin, ka ɗauko sauti da wayar oftikal zuwa risiba. Oftikal na ɗaukar Dolby Digital da DTS na 5.1, ba ta ɗaukar TrueHD ko Atmos. A ganina wannan rashi kaɗan ne. Atmos, da ya shigo gidaje a 2014, yana son sifiku a rufi ko masu harba sauti sama, kuma waƙoƙin da muke ji da finafinan Kannywood galibi hanya biyu aka naɗe su, hagu da dama. Kuɗin da za ka ƙara don Atmos, zuba shi a sifikun gaba masu kyau, nan kunne zai ji bambanci.

Lambar wat da aka manna a gaba kada ta ɗauke maka hankali, sau da yawa da sifika ɗaya ko biyu aka auna ta.

A shago kada ka yarda da gwajin minti biyu. Ka ce a bar ta a kunne rabin awa, don allon HDMI mai ciwo sai ya ɗau zafi yake fara yanke sauti. Bayan kunnawa da 'yan daƙiƙu za ka ji ƙas a ciki, alamar ta saki sifiku. In ta kashe kanta fitila na ƙyaftawa, ajiye ta. Shiga menu ka sa sautin gwaji ya zagaya kowace hanya ɗaya bayan ɗaya, ka murza maɓallin ƙara ka ji ko yana ƙarce-ƙarce. Dubi kan sukurori, in sun cinye an sha buɗe ta. Sa hanci a ramukan iska, ƙauri ba ya ɓuya. Ka tambayi rimot da ɗan makirufon daidaita sauti, na Audyssey ko YPAO, don kwantena ba kasafai take zuwa da su ba, kuma wasu saituna ba sa taɓuwa sai da rimot.

Idan ta iso gida, kada a cusa ta a kabad ko a ɗora mata dikoda a ka, zafin bazara da ƙurar hunturu sun ishe ta. A haɗa ta da sitabilaiza, a kashe ta kafin a juya wuta zuwa janareta. Don Allah 'yan uwa, in ba ku gane rubutun bayan ba, ku ɗauki hotonsa ku nuna wa mai gyara kafin ku biya kuɗi.