Shawara ga malaman lissafi: ku sa takarda ta tambayi injin lissafi

Malamin lissafi a Takanamat, ko ɗalibi a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, zai iya rubuta darasi a kwamfuta yadda takardar da kanta za ta aika tambaya ga injin aljabara, amsa ta dawo ƙarƙashin tambayar. Ka sauya lamba ɗaya, ka sake aikawa, amsar ta sauya.

Fara da abin da ba ya buƙatar intanet. Manhajar wxMaxima kyauta ce, an gina ta a kan injin Maxima, wadda ta samo asali daga Macsyma ta MIT a Amurka. Sauke ta sau ɗaya idan ka shiga Tawa, ka raba wa abokan aiki a filas. Jupyter da SageMath sun fi ƙarfi, amma sun fi nauyi ga tsohuwar kwamfuta.

Injin ba ya karanta zuciyarka. A Maxima, rubuta 2*x, kada ka rubuta 2x. Idan ka san a ya fi sifili, gaya masa da assume(a>0), in ba haka ba wani lissafin zai tsaya yana tambayarka.

Babban tarko shi ne injin ba ya mantuwa. Ka ba x daraja 5 a sama, ka goge layin, har yanzu x biyar ne a wurinsa. Kafin ka ba ɗalibai takardar, sake kunna injin, ka gudanar da komai daga layin farko.

Sannan ɗalibi ya fara warwarewa da biro a littafinsa, kafin ya tambayi injin.