Filin Manoma: Abin Da Tauraro Ke Gani Da Abin Da Ke Cikin Ƙasa

A kan ji a rediyo ana cewa tauraron ɗan Adam ya nuna ƙasarmu ta ƙara kore, wani lokaci kuma a ce ya nuna hamada tana matsowa. Manoma da yawa su kan tambaye mu, mu malaman gona, su ce shin wannan magana gaskiya ce? In kuwa da gaske ƙasa ta yi kore, me ya sa gonar da uban mutum ke cika rumbu da ita, yau da ƙyar ta ke kai shi bazara? Tambaya ce mai kyau ƙwarai, ita za mu bi a wannan mako.

Da farko sai mu san yadda tauraron nan ke gani. Cikin 1972 Amurka ta harba na farko daga cikin waɗanda a ke kira Landsat. Waɗanda ke aiki yanzu suna tafiya a sama da nisan kilomita 705, watau wajen mil 440, kowane ɗayansu kuwa ya kan komo bisa wuri guda bayan kwana 16. Ƙasashen Turai sun harba nasu, Sentinel-2, cikin 2015. Nijeriya ma ta sa an harba mata NigeriaSat-1 cikin 2003.

Dabarar ita ce wannan. Hasken rana ba iri ɗaya ba ne, gauraye ya ke, kamar yadda bakan gizo ke nuna mana. Ɗanyen ganye ya kan shanye jan haske, gama da shi ya ke haɗa abincinsa. Amma akwai wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani, shi kuwa ganye ba ya shansa, mayar da shi ya ke yi sama. Tauraron ya kan auna su duka biyu. Inda ja ya komo kaɗan, ɓoyayyen nan kuwa ya komo da yawa, to, akwai ɗanyen ganye. Inda suka komo kusan daidai, rairayi ne ko fako. Iyakar abin da ya ke aunawa ke nan: yawan ɗanyen ganye. Ku riƙe wannan, gama duk sauran maganar a kansa ta ke.

Amfanin farko da aka ci shi ne an raba wata tsohuwar gardama. Cikin 1935 wani Baturen daji, E. P. Stebbing, ya rubuta cewa Sahara na shirin cinye arewacin Nijeriya. Ingila da Faransa suka haɗa ma'aikatan daji suka zaga kan iyaka cikin 1936 da 1937, ba su ga abin da ya faɗa ba, amma maganar ba ta mutu ba. Sai cikin 1991 Compton Tucker na hukumar NASA da abokan aikinsa suka jera hotunan shekara goma sha ɗaya. Suka ga daga 1980 zuwa 1984 bakin hamada ya gangaro kudu da wajen kilomita 240, amma da ruwa ya samu cikin 1985 sai ya koma arewa da wajen kilomita 110 cikin shekara guda. Ashe hamada ba rundunar yaƙi ba ce mai tafiya gaba kullum. Ta fi kama da bakin tafki, ya cika ya janye. Tun daga farin 1984 kuwa hotunan sun nuna yawancin ƙasashen bakin hamada, daga Sanagal har Sudan, sun ƙara kore, babban dalili kuwa shi ne ruwan sama ya ɗan komo.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tauraro ba ya rarrabe kore mai amfani da koren banza. A fadamun Haɗeja da Nguru kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su. Daga sama babu wurin da ya fi can kyan gani. Makiyayar da ta cika da tafasa da tumfafiya, wadda saniya za ta ratsa ba ta sunkuya ba, ita ma kore ce shar. Gonar dawa da wuta-wuta ta kama, a farkon damina ba lalle hoto ya nuna kome ba. Don haka in an ce ƙasa ta yi kore, ba a ce ta yi ƙarfi ba. Ƙarfin ƙasa sai an tona.

Me ke cikin ƙasar? Shuka tana bukatar abinci iri iri, amma uku su ne manya, su ne kuwa haruffan nan N, P da K da ku ke gani a jikin buhun kamfa. N shi ne naitirojin, abincin ganye da kara. In ya gaza sai tsofaffin ganyayen ƙasa su yi rawaya, daga tsini zuwa tsakiya. P shi ne fosfaras, abincin saiwa da ƙwaya. In ya gaza shuka ta kan tsumbure, ganyen masara ya yi jaja-jaja kamar an shafa masa shuni. K shi ne fotasiyam, irin wanda ke cikin toka, rashinsa kuwa ya kan ƙone gefen ganye. Daga sama duk waɗannan ciwo uku, har da ƙishirwa ta huɗu, kusan kama ɗaya su ke: ganye ya ragu, shi ke nan.

Ƙasar jigawa tamu tana da lahani guda babba, watau ba ta da abin riƙo. Abin da ke riƙe abincin shuka a ƙasa shi ne laka da ruɓaɓɓen ganye. Rairayi ba ya riƙe kome, kamar rariya ya ke. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, an auna ƙasar gero aka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 rairayi ne, ruɓaɓɓen ganye kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Aka kuma tarar abin da ya fi gazawa shi ne fosfaras, har ma in ba a sa shi ba, naitirojin da aka zuba ba ya yin aikin kirki. Tun cikin 1982 masana na Holan da na Mali suka bayyana cewa in aka fid da can arewa inda ruwa ke da ƙaranci ainun, rashin naitirojin da fosfaras ya fi rashin ruwa tauye ciyawa. Wannan magana ta kan ba manomi mamaki, gama mu kullum idonmu na kan hadari. Amma ku dubi gero a tsohon masaukin Fulani da wanda ke nesa da shi taki goma. Ruwa ɗaya suka sha.

Akwai kuma tsami. A kan auna tsamin ƙasa da wani ma'auni daga 0 zuwa 14. Bakwai shi ne tsaka-tsaki, abin da ya gaza bakwai tsami ne, abin da ya ɗara kuwa ya karkata wajen kanwa. Yawancin amfanin gonarmu ya fi jin daɗi tsakanin 5.5 da 7. In tsami ya wuce haka, wani sinadari da ke cikin ƙasa, alminiyam, ya kan narke ya ƙone bakin saiwa, ya kuma kama fosfaras ya ɗaure, shuka na kusa da shi ba ta iya ci. A Samaru ta Zariya akwai gonar gwaji da aka soma tun 1950, aka yi ta zuba wa waɗansu fegi takin zamani kaɗai, waɗansu kashin shanu, waɗansu duka biyu. Da shekaru suka yi nisa sai aka ga fegin da ke shan takin salfa kaɗai ya yi tsami, amfaninsa ya faɗi, wanda kuwa a ke haɗa masa da kashin shanu ya daɗe da ƙarfinsa. Yuriya ma tana kawo tsami, ko da ya ke ba ta kai salfa ba. Masu noman rani kuma nasu ciwon dabam ne: inda ruwa ke kwanciya ya ƙafe, gishiri da kanwa su kan taso sama su yi fari. Wannan kam tauraro ya kan iya hango shi in ya yi yawa.

Af, kada mu manta da hazo. Ƙurar nan da ke sa mu tari da hunturu, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta ke tasowa, tana kuwa ɗauke da fotasiyam da sinadarin farar ƙasa. Taki ne na kyauta. Amma sai gonar da aka bar wa kara da 'yan itatuwa ke tare shi. Wadda aka share ƙal, iska ta kan kwashe har da nata.

Yanzu bari mu zo ga gawo, gama a kansa ne tauraro ya fi shan kunya. Kowa ya san halin gawo: da damina ya kan zubad da ganye, da rani ya yi kore. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa na zuba daidai lokacin da ruwa zai ruɓar da shi, saiwarsa na jawo abinci daga zurfin da gero ba ya kaiwa. Yana kuma daga cikin dangin wake da gyaɗa, masu kamo naitirojin daga iska. Dabbobi su kan kwana a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa, su bar kashi. A tashar Bambey ta Sanagal an auna tun cikin shekarun 1960, geron gindin gawo ya ninka na fili.

To, tun da ya ke a kan auna koren ƙasa da damina, lokacin da gawo ke tsirara, kuma hotunan farko ɗigo guda cikinsu ya kan ƙunshi fili mai faɗin kilomita da yawa, sai aka daɗe ba a lura da wani babban al'amari da ya faru a Nijar ba. Cikin 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsiron da a ke sarewa kowace shekara wajen sharar gona, kamar su sabara da kalgo, ba ciyawa ba ne, kututture ne masu rai da saiwa a ƙasa. Manoma suka shiga barin reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran. Shi a ke kira sassabin zamani. A wajen Magarya da Matamai da Mirriya kuwa mutane suka shiga kiyaye 'ya'yan gawon da suka tsiro da kansu. Sai bayan shekara ta 2004, da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka da Chris Reij na Holan suka gwada hotunan jirgin sama na 1975 da sababbin hotuna masu kaifi, suka kuma bi ƙauyuka da mota, sa'an nan girman abin ya bayyana. Suka ƙiyasta hekta miliyan 5, watau fiye da eka miliyan 12, da itatuwa wajen miliyan 200, ba a kuwa dasa su ba. A ganina wannan shi ne aikin gyaran ƙasa mafi girma da aka yi a ƙasar Hausa, kuma da gatari da lauje aka yi shi.

Yanzu idon tauraro ya ƙara kaifi. Na Landsat ɗigonsa mita 30 ne, na Sentinel-2 mita 10, yana kuma komowa bayan kwana biyar, duka biyu kuwa kyauta a ke samun hotunansu a intanet. Cikin 2020 Martin Brandt na jami'ar Kofanhegan da abokansa suka sa kwamfuta ta ƙirga itatuwa ɗaya ɗaya a yammacin Sahara da bakinta, suka sami fiye da biliyan 1.8. A Yamai kuma cibiyar Agrhymet, wadda aka kafa cikin 1974, tana bin damina da irin hotunan nan don a san inda yunwa za ta ɓulla tun kafin kaka. Fatake masu sayen hatsi da akawunan ofishin gona, ya kamata ku riƙa neman rahotanninta. Amma har yau hoto sai dai ya ce, "Je ka duba wancan wuri." Ba zai gaya maka buhun da za ka saya ba.

Ga lissafin da zai taimaki mai ƙaramin ƙarfi. Buhun kamfa mai kilo 50, wanda aka rubuta 15-15-15, yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na kowane ɗaya cikin ukun nan. Buhun yuriya kilo 23 ne na naitirojin, ba fosfaras ko ƙwaya. Mai zuba yuriya kaɗai a jigawa ganye ya ke saye, ba ƙwaya ba. Gyaɗa da wake sufa su ke so, kamar yadda aka koya wa iyayenmu zamanin dalar gyaɗa a Kano, gama su kan samo naitirojin da kansu. Ga gero kuwa, masu binciken Sadore sun gwada sa giram 6 na kamfa a kowane rami ran shuka, watau misalin cikin marfin kwalbar lemo. In ana shuka rami a kowace mita guda, hekta na cin rami 10,000, jimla kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. A tabbata ƙasa ta jiƙe, a kuma sa takin a gefe, kada ya taɓa iri. Wannan ba ya maye gurbin takin gargajiya, tare a ke haɗa su.

Wanda ke so a auna masa ƙasa, ya bi gonarsa a karkace, ya tona wuri 15 ko 20, zurfin taƙi ɗaya. Ya kauce wa suri, da juji, da inda aka ƙone kara. Ta gindin gawo a ɗebe ta dabam. Ya gauraya duka cikin bokiti mai tsabta, ya ɗebi misalin rabin kilo, ya shanya a inuwa, ya rubuta sunan gona da abin da aka shuka bara, ya kai wa malamin gona na gundumarsa. Akwai ɗakunan awo a Samaru da jami'ar Bayero ta Kano, mutanen Nijar kuwa sai hukumar INRAN. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan girbi, don amsa ta zo kafin sayen taki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tassa, ramukan nan da manoman Illela ta Tawa ke tonawa su farfaɗo da fako.