Abin Da Ke Hana Batir Shan Wuta Da Sauri

A zangon karatun da ya wuce, ƙungiyarmu ta 'yan kimiyya ta ƙudura niyyar harhaɗa fitilar karatu, domin kowa ya san yadda ake ɗauke mana wuta da dare, jarrabawa kuwa ba ta jiran kowa. Malaminmu na kimiyya ya kawo tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, muka buɗe shi a gabansa, muka fitar da ƙananan batura irin waɗanda ake kira 18650. Sunan daga girmansu ya samo asali, watau kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Irin baturan nan na litiyam su ne a cikin wayoyin iyayenmu da fitilun caji, tun da kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da su a 1991.

Sai muka sayi ɗan allon caji mai ƙwaƙwalwar da ake kira TP4056, wanda bai fi babban yatsa ba. An ce yana tura amfiya 1. Da muka auna, sai muka ga 0.4 kacal. Batirin da ya kamata ya cika cikin kamar sa'a uku, sai ya kusa wuni yana caji. Wani abokina mai gaggawa ya ce a jefar da allon, a jona batirin kai tsaye da wayar caja. Malam ya ce sam, ba a cikin ɗakinsa ba. Abin da muka koya daga ranar shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

Da farko sai mu fahimci abu biyu. Wutar lantarki kamar ruwan famfo take. Ƙarfin da ke turo ruwan shi ake aunawa da bolt, yawan ruwan da ke gudana kuma shi ake aunawa da amfiya. Duk abin da ya tsuke hanya, ana auna tsukewarsa da om.

To, cajar litiyam ba ta tura wuta bai ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan batirin ya zube ƙwarai, ya yi ƙasa da kamar bolt 2.9, sai ta riƙa ba shi kashi ɗaya bisa goma na ƙarfinta, kamar yadda ake ba marar lafiya kunu kafin a ba shi tuwo. Idan ya farfaɗo, sai ta sakar masa cikakkiyar wuta. Da ya kai bolt 4.2 sai ta tsaya a nan, wutar ta riƙa raguwa da kanta, har ta sauko kusan kashi ɗaya bisa goma, sa'an nan jar fitilar allon ta mutu, shuɗiya ta kama. Saboda haka, kafin ka zargi caja, auna batirin tukuna. In ya yi ƙasa ainun, ko kuwa ya kusa cika, ƙarancin wuta ba laifi ba ne, aikinta ke nan. Namu ya nuna bolt 3.9, watau yana tsakiya, ya kamata a ce yana shan wuta sosai. Nan muka tabbata akwai matsala.

Na biyu, muka duba wata 'yar mitsitsiyar resista da ke kan allon, wadda ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwar yawan wutar da za ta tura. Lissafin ba wuya: a raba 1200 da adadin om ɗinta, abin da ya fito shi ne amfiya. In an rubuta 122 a jikinta, ma'anarsa 12 da sifiri biyu, watau om 1200, amfiya 1 ke nan. In om 2000 ce, wajen 0.6 za ka samu, kuma ko ka kwana kana lallashinta ba za ta ƙara ba. Tamu 122 ce, sai da muka ari gilashin ƙara girma daga ɗakin nazarin halittu kafin muka iya karanta ta.

A na uku ne muka kama ɓarawon. Mun riga mun auna bakin wayar caja ba tare da an jona kome ba, ya nuna bolt 5.1, muka ce lafiya lau. Malam ya yi murmushi, ya ce mu sake aunawa a kan allon, yayin da batirin ke caji. Sai ga 4.2. Ina sauran ya tafi? Ya salwanta a cikin waya. Wayar doguwa ce, mai araha, da muka feɗe ta daga baya sai muka ga zaren jan ƙarfen da ke ciki bai fi 'yan silin gashi ba. Waya irin wannan, muddin ba a jan wuta, ba ta nuna halinta. Da an fara ja sai ta cinye wani kaso na ƙarfin. Ita kuwa caja ba ta iya tura wuta cikin batir sai abin da ke shigo mata ya ɗara na batirin da tazara mai kyau. Ruwa ba ya gangarawa da sauri daga tudun da bai fi kwari tsawo sosai ba. Muka sauya waya gajera mai kauri, nan take mita ta nuna 0.9. Muka yi ta tafi har ajin da ke kusa suka leƙo.

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan kamar minti goma wutar ta fara sauka, har ta tsaya wajen 0.7. Na ɗora yatsa a kan ƙwaƙwalwar, na janye ba shiri. Dalili kuwa shi ne, irin wannan caja tana mai da rarar ƙarfin da ba ta buƙata zafi. In bolt 5 ke shigowa, batir yana kan 3.7, amfiya 1 na gudana, to wat 1.3 ke zama zafi a cikin abin da bai kai ƙwayar wake ba. Masu ƙirar sun sa mata dabara: in ta yi zafi da yawa sai ta rage wutar da kanta don kada ta ƙone. Mu kuwa cikin watan Afrilu muke, kuma mun cusa allon cikin robar sabulu marar ƙofa. Muka huda robar, muka manna ɗan guntun gorar-ruwa a bayan allon, da siririn abin tsare wuta a tsakani, abin ya yi sauƙi. A ganina, a lokacin bazara gara mutum ya haƙura da 0.7 da ya matsa wa allon.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke yaudarar mai awo. Ita kanta mita, in ka sa ta tsakanin caja da batir, tana da tata tsukewar, musamman in wayoyinta sirara ne, sai caja ta zaci batirin ya kusa cika ta rage wuta. Ya fi kyau a auna ta wajen shigowa. Haka nan tsatsa a bakin mazaunin batir, ko liƙin dalma da bai kama da kyau ba. Tsohon batir ma haka: cikin shidan da muka fitar, biyu da an jona su sai su haura 4.2 cikin 'yan mintoci, wutar ta faɗi, a sa su a fitila kuwa su mutu kafin a gama shafi biyu. Waɗannan sun tsufa ne, ba cajar da za ta gyara su.

Yanzu sai in komo kan shawarar abokina. Da mun jona batirin kai tsaye da bolt 5, babu abin da zai tsai da shi a 4.2. Batirin litiyam in ya wuce iyakarsa yana zafi, ya kumbura, ya kama da wuta mai wuyar kashewa, ɗakin kwananmu kuwa cike yake da katifu da gidajen sauro. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2016 Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa baki ɗaya saboda baturanta suna kamawa da wuta. Don haka ina roƙon iyayenmu, in kuka ga batirin waya ko na fitila ya kumbura, a daina cajinsa, kada a huda shi, kada kuma a jefa shi cikin murhu ko bolar da ake ƙonawa. In kuwa jinkirin caji ne kaɗai, a fara da sauya waya kafin a kai wa mai gyara.

Fitilarmu tana nan tana aiki da batura huɗu da suka rage. Doka ɗaya Malam ya kafa mana: a ɗakin kimiyya ake cajinta, da rana, a kan daɓen siminti, kuma sai da wani zaune a wurin. Wannan makon ni ke da gadi.